Kamu Ɗaya da Taƙi

Nasarawa, Birnin Kebbi
Laraba, bayan la'asar

Inna,

Na yi miki sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, tunda ita ce ta dace da ke yanzu. Da kina nan da na tambaye ki ya gajiya, ya ƙafa, ya ruwa, ke kuma ki dubi bango ki amsa wa bangon. Na san ba za ki karanta takardar nan ba. Ko kina raye ma ba ki karanta boko, sai dai Luba ta karanta miki, abin da zan faɗa kuwa ba na kunnen Luba ba ne. Na yago takardar daga littafin da nake shirya darasin 'yan aji huɗu, in kin ga jan layi a gefe ba wani abu ba ne.

Wannan ne karo na farko da na ce miki ke kai tsaye, ba tare da wani a tsakani ba. Shekarata arba'in da ɗaya. Ni ce ɗiyarki ta fari, kuma ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ranar da aka yaye ni Goggo, yayar Baba, ta goya ni ta kawo ni Birnin Kebbi, a hannunta na tashi, ita ta sa ni makaranta, ita ta aurar da ni. In na je Argungu da salla sai ki ce wa Luba, autarki, a tambayi ta Birni ko ta ci abinci, alhali ina zaune a tabarma ɗaya da ke. Ba ƙararki nake yi ba. Haka aka yi miki, haka kowa ke yi wa ɗan fari, sai dai ke kin fi kowa iyawa. Mata har misali suke yi da ke, wai ga Bakabiya da ta fi Fulani kunya.

Bari in fara ba ki labarin gida, kada ki ce ba a koya mini gaisuwa ba. Ruwa ya sauka, gulbi ya fara ɗagowa, an gama shuka a fadama. Luba ta gaji tukwanenki na gumin shinkafa, har da babbar nan mai tsagewa a baki da kika hana a jefar. Masu saye sun ce gumin nata bai kai naki haske ba, ta ji haushi kwana biyu, sannan ta yarda. Jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba. Malam, maigidana, yana can Sakkwato wurin aikinsa, ƙarshen wata yake zuwa kamar yadda kika sani. Ana ta raɗe-raɗin wai za a yanke mu daga Sakkwato a ba mu jiharmu, ya ce in haka ta tabbata za a dawo da shi gida. Maza sun ɗauki zancen da zafi a bakin masallaci. Ni ko a jikina.

Ban yi kuka ba, Inna. Gara in faɗa miki da kaina. Ranar da aka fita da ke ina tsaye bakin rumbu ina kallon kaji. Kwana bakwai na zaman makoki ina raba goro, ina amsa ta'aziyya, ina cewa haƙuri ya zama dole, matan unguwa suna satar kallona suna cewa ɗiyar fari ce, kunya take yi. Ba kunya ba ce. Na nemi kukan ne ban samu ba. Luba ta yi na mu biyu. Har yanzu ina cin abinci, ina barci, ina zuwa makaranta, ina duka allo da rula in yara suka cika surutu. Komai yana tafiya yadda yake, sai dai ba na jin ɗanɗanon gishiri a miya, na ƙara na ƙara har Malam ya yi magana.

Maganar gwiwarki ce ta sa na ɗauki biro.

Shekara nawa kika yi a tsugunne gaban murhu? Ki jiƙa shinkafa, ki turara, ki kwashe, ki shanya, ki durƙusa kina baza ta da hannu, ki tashi ki surfa. Tun kafin a haife ni kike yi. Gwiwoyin suka kumbura, suka riƙa ƙara in kin miƙe, har daga tsakar gida ana ji. Babu abin da ba a gwada ba. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga. An gasa ganyen tumfafiya an ɗaure. An shafa man shanu da citta. Ba ciwon ne ya dame ki ba, ke da ciwo kun saba. Salla ce. Shekara biyu kina yin ta a zaune, ƙafafu a miƙe, kina sunkuyar da kai a madadin sujada. Malamai sun ce ta yi, Allah ya yi rangwame ga maras lafiya. Ke kika ce wa Luba kin ji, amma kina jin kunyar ki koma ga Ubangiji da goshin da ya manta ƙasa. Luba ta aiko mini da wannan magana ta bakin direban motar Argungu, ran Asabar na je na ɗauko ku ku biyu.

Kin tuna likitan da ya ɗaga hoton gwiwarki a taga? Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi, shi ke kawo kumburin da riƙewar. Amosanin gaɓɓai ya kira shi. Bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya rage zugi, a sassauta gaɓar. Ya rubuta ƙwayoyi, ya tura mu ɗakin gashi.

A can muka tarar da Sista, 'yar Zuru, gajeruwa mai dariya da dukan jikinta. Ta janyo fitilar. Doguwar ƙafa ta ƙarfe, a samanta wani kwano a kife, a cikin kwanon jan ƙwan lantarki. Ta kunna, gwiwarki ta koma ja kamar an shafa manja. Kika dube ta sama da ƙasa kika ce wa Sista wuta ba hayaƙi ba toka, ai wagga wutar malalata ce. Sista ta yi dariya har ta dafa gado.

Ka'idojin ba su da yawa, kuma a gabana ta faɗe su. Tsakanin fitila da fata, kamu ɗaya da taƙi. Minti goma sha biyar, ba ƙari. Fata a bushe, ba man zafi, ba man shanu. Ta ce ɗumi ake so irin na hantsi, ya ratsa a hankali, jini ya zagaya, jijiyoyi su saki. Ba gashin jego ba ne da ake cewa in bai yi zafi ba bai yi magani ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce babbar ka'ida ita ce tambaya: a riƙa tambayar mai ciwo ko ya yi zafi, shi kuma ya faɗi gaskiya. Ta ce fitila ba ta da ido, bakin mai ciwo ne ma'auninta.

Kwana uku a mako muna zuwa. Ni a bayan labule nake zama, kan benci, don kada in takura miki. Daga nan nake jin ki. Da Sista ta tambaya sai ki ce ya yi zafi, ja da baya, ko ki ce matso da ita kaɗan, ba a biya ki don ki yi mini rowa ba. Na ji kina ba ta labarin ranar da aka kai ki gidan Baba a kwalekwale, yadda kwalekwalen ya kusa kifewa, kika riƙe tukunyar gararki kika saki hannun ƙawarki. Ban taɓa jin wannan labari ba. Ban san kina kwaikwayon muryar mutane ba. Ban san in dariya ta kama ki kina tari a ƙarshe ba. Cikin mako uku 'yar Zuru ta san ki fiye da yadda na san ki a shekara arba'in. Ina zaune da jakarki a cinyata, ina karanta takardar rigakafin da aka manna a bango, har na haddace ta.

Fitilar ta yi aiki, wannan ba zan hana ta ba. Kumburin ya sauka, kina tashi da safe ba sai Luba ta ɗaga ki ba. Wata Juma'a da la'asar na fito daga madafa na hango ki ta ƙofar ɗaki. Kin dafa bango, kin sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan goshinki ya taɓa tabarma. Kin daɗe a nan har na fara tsoro. Da kika sallame kika ce wa Luba a gaya wa masu gida Allah shi yi albarka. Luba ta juyo ta gaya mini, kamar ban ji ba. Na ce a ce miki amin.

Da kwanakin asibiti suka cika, Sista ta ce in da hali a ci gaba a gida. Malam ya samo ƙarama a wani kantin magani a Sakkwato, ya kawo ta a kwali. Na kai wa Sista ta duba, ta kama hannuna ta auna da shi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ta ƙara taƙi, ta ce malamar makaranta ai ba sai an maimaita mata ba. A makon ne aka fara yankan shinkafa, mijin Luba ya aiko ta koma. Gidanku na Argungu babu lantarki, dole ke ki zauna. Malam ya koma aiki. Gida ya rage daga ni sai ke, ba wanda za a aika da magana.

Kin san yadda muke yi. In na taso daga makaranta in yi girki, mu ci, kowa a ɗakinsa. In an kawo wuta sai in ɗauko fitila in yi gyaran murya a bakin ƙofarki. Ki zauna bakin gado, ki janye zane zuwa saman gwiwa, ki juya fuska bango, ki ɗauki tasbaha. In auna da hannuna, in kunna, in zauna a kujera 'yar tsugunno ina duban agogo. Bayan minti biyar in tambayi iska ko ya yi zafi. Iska ba ta amsawa. Bayan goma in sake. Sai ƙarar tasbaha. A mako na farko ban damu ba, na auna daidai, na kashe a kan lokaci, gwiwa tana ta sauƙi, kina sallarki a ƙasa sau biyar.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na yago takarda.

Wata Talata na auna kamar kullum, na kunna, na tambaya, kika yi shiru. Sai na tuna muryarki a bayan labule kina ce wa 'yar mutane ja da baya. Na sa ƙafa na turo fitilar gaba, kamar faɗin yatsa biyu. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, da hankalina na yi. Na ce a raina in ɗumin ya ƙaru dole ki yi magana, tunda babu Luba, babu Sista, babu kowa sai ni. Ba sunana nake nema ba, ban kai can da buri ba. Kalma uku kawai, ya yi zafi, a faɗa mini ni, a fuskata. Da kin faɗa da na janye ta nan take, da mun wuce wurin, wataƙila da gobe kin ƙara wata kalmar.

Ba ki faɗa ba. Washegari na ƙara yatsa huɗu. Rana ta uku na cire taƙin gaba ɗaya. Mako ya zagayo, kamun ma bai cika ba. Minti goma sha biyar ya zama ashirin, ya zama talatin, agogo yana ɗaure a hannuna ina ganinsa sarai. Ina ganin zufa tana tsattsafowa a saman leɓenki. Ina ganin yatsun ƙafarki suna lanƙwashewa suna kama tabarma. Ina jin tasbaha tana ƙara sauri. In tambaya, ki yi shiru, in ce to bari mu gani. Na manta da wa nake yi. Matar da ke ɗaukar garwashi da hannu ta kai wani murhun, matar da ta yi wankan jego tara da tafasasshen ruwa ba a ji ta ce wash ba. Ni kuma ɗiyarki ce, ko da yake a hannun Goggo na tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan iri ɗaya ne.

Ran Alhamis na ajiye ta taƙi biyu daga gwiwarki ta hagu. Minti arba'in. Na tambaya sau shida, na ƙirga. A na shidan muryata ta fito da faɗa, irin wadda nake yi wa 'yan aji. Ba ki motsa ba. Ni na gaji, ni na miƙa hannu na kashe. Da jan hasken ya ɗauke na ga fatar ta yi wani duhu, tana sheƙi. Kika sauke zane, kika rataye tasbaha, kika fita alwala. Kafin magariba wurin ya tashi, bororo ya kai faɗin tafin hannu.

Da na kai ki wurin Sista da safe, wataƙila da labarin ya canja. Ban kai ki ba. Na san tambayar farko da za ta yi, kamu nawa, minti nawa, kuma za ta dubi hannun nan da ta auna da shi. Sai na je kemis na sayo shuɗin maganin nan da auduga. Na durƙusa a gabanki na shafa miki. Tun ranar yaye, wannan ne karon farko da hannuna ya taɓa jikinki. Fatarki da laushi, ban zata ba. Ke kina kallon bango, ni ina kallon ƙunar.

Bayan kwana biyu kika aiki maƙwabciyarmu ta gaya mini kina son komawa gida, wai hankalinki yana kan shinkafa. Na raka ki tasha. Da kika zauna a gidan gaba kika ce wa direba a ce wa mai fitila an gode. Direban ya leƙo ta taga ya gaya mini, yana murmushi.

Sauran kin fi ni sani. Bororon ya fashe, bai rufe ba, ya zama gyambo. A Argungu aka auna jininki aka ce kina da ciwon suga, ba wanda ya sani, shi ke hana rauni warkewa. Aka naɗe gwiwar, aka ce kada ki lanƙwasa ta. Kika koma salla a zaune, ƙafafu a miƙe, kina sunkuyar da kai. Mako biyar kacal kika yi kina sujada. Fitila ta ba ki, ni na karɓe. Wata biyar ina zuwa duk Asabar da lemo da sabulu, in zauna a bakin ƙofa, ki ce wa Luba a tambayi ta Birni ko ta ci abinci. Kullum da niyyar in nemi gafara nake shiga mota, kullum da ita nake dawowa. Ta bakin wa zan nema? In ce wa Luba ta ce miki me?

Asabar ta ƙarshe zazzaɓi ya riga ya rufe ki, ana tsakiyar bazara, Luba tana yi miki fifita. Da zan tafi ta biyo ni zaure ta ce Inna ta ce ta yafe wa kowa, na gida da na Birni. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban yi wa maganar wani tunani ba, na ɗauka irin wadda kowane maras lafiya ke yi ce. Sai a mota na tuna ba ki da kowa a Birni, Goggo ta daɗe da rasuwa. Ran Litinin aka aiko cewa kin cika.

Gyambon ne ya kashe ki? Likita ya ce zazzaɓin daga jini ne, bai ce daga ina ba. Mutane sun ce kwana ya ƙare. Na san haka ne, ni ma ina koya wa yara. Amma na san wanda ya tura fitila da ƙafa.

Na ɗauka iyakar abin da zan ɗauka ke nan, sai ranar sadakar arba'in. An gama rabon waina, baƙi sun ragu, muna zaune a ɗakinki da matan dangi ana fitar da kayanki. Aka shiga tuna halinki, aka fara dariya, irin dariyar da ake yi in kuka ya ƙare. Sai Luba ta ce ai ba abin da ya kai labarin fitila. Gabana bai ko faɗi ba, na dai ajiye kwanon da ke hannuna. Ta ce tun ranar da kika sauka daga mota kika gaya musu yadda aka yi. Wai ni kullum sai na auna da hannuna kamar mai awon yadi, in tsaya a kanki da agogo. Wai ran nan na fita ɗora girki, ke kuwa kika sa sandarki kika janyo fitilar har jikin gwiwa, don mi wagga 'yar wuta za ta yi miki daga nesa, ke da kika tashi gaban murhu. Wai kafin in dawo aikin gama ya gama, har na yi ta faɗa. Luba ta ce duk wanda ya zo dubiya sai kin ba shi labarin, kina kwaikwayon yadda na riƙe baki, kuma kin ja mata kunne kada ta ji wani ya ɗora wa ta Birni laifi, ta yi iyakar yinta.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Kowa na cewa halin Inna sai ita, ba ta jin magani ya yi sai ya ƙona. Luba ta dafa ni ta ce in yi haƙuri da wahalar da kika ba ni. Na yi dariya tare da su, Inna. Bakina ya buɗe, sauti ya fito.

Ba ki da sanda a gidana, a Argungu kika bar ta, kin ce ba za ki shiga Birni kamar tsohuwa ba. Girki kuwa tun azahar na sauke. Ban fita daga ɗakin nan ba ko na ƙiftawar ido, ina kan kujera 'yar tsugunno, tsakanina da ke bai fi kamu biyu ba.

Ke da duk kasuwar Argungu ta san ba ki tauye mudu. Ke da kika taɓa bin wata mata har Gulma don ki mayar mata da canjin da ta manta. Kika zauna wata biyar da rami a gwiwa kina maimaita ƙarya ga duk wanda ya yi sallama, har da ƙarin gishiri don ta zauna. Ashe kina gani. Fuskarki tana bango amma kina ganin ƙafata. Tun ran Talatar farko kika sani? Kin san abin da nake nema? In kin sani, me ya hana ki ba ni, kalma uku, ke da kika iya tsara labari mai kai da ƙafa saboda ni? Ko harshen ne ya ƙi, yadda nawa ya ƙi a bakin ƙofarki Asabar ashirin? Ko kin ga in kika ce ya yi zafi kin kama ni da laifi ke nan, kika zaɓi ƙunar? Ina tambaya ne kawai. Na saba tambayar iska.

Sau biyu ina shiga motar Argungu don in gaya wa Luba gaskiya. Na farko na tarar tana shanya, na taya ta, na dawo. Na biyu har na ce mata akwai magana, ta ajiye muciya ta zuba mini ido, sai na ce maganar akuya ce. Na auna abin ta kowane gefe. In na faɗa, na mayar da ke maƙaryaciya a bakin mutanen da suka yi miki salla, kuma na yar da abu ɗaya tak da kika taɓa yi mini magana da shi. Don magana ce, na gane yanzu. Ta bakin mutane ta zo, kamar yadda kika saba, sai da ta zagaya dangi kaf kafin ta iso inda aka aike ta. In kuma na yi shiru, Luba za ta ci gaba da ba ni haƙuri har ƙarshen rayuwarmu, ni kuma in riƙa amsawa. Na zaɓi shirun. Ban ce shi ne daidai ba. Shi kika bar mini, tukwane kuwa na Luba.

Na haɗu da Sista a kasuwa makon jiya, wurin masu albasa. Ta tambaye ni ina ƙawarta mai labarin kwalekwale. Na gaya mata. Ta ajiye kwandonta a ƙasa ta yi kuka a tsaye, mutane na wucewa. Na tsaya ina ba ta haƙuri. Ta tambaya ko fitilar ta yi amfani a gida, na ce ta yi, kin yi sujada. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Fitilar tana nan a kan kabad, cikin kwalinta. Malam ya ce a ba wani mai bukata, na ce a bari tukuna. Gwiwata ta dama ta fara ƙara in na tashi daga tabarma, ka ji gado. Jiya da na taso makaranta aka kawo wuta, sai na sauko da ita. Na zauna bakin gadon da kika zauna, na janye zane, na auna taƙi biyu, na kunna, na juya fuska bango. Na ce bari in ga abin da kika gani. Akwai wata tsaga a bangon, daga taga ta gangaro, ban taɓa lura da ita ba. Na fara karanta Ƙulhuwallahu don in riƙe kaina. Ban kai ƙafa bakwai ba na janye ƙafata. Na duba agogo, minti biyu bai cika ba.

Ba kowa a gidan. Na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, ya yi zafi. Na saurara. Firij ɗin maƙwabta yana ƙugi, wani yana tallar kifi a waje. Na kashe fitilar, na mayar da ita kwali, na je na ɗora ruwan tuwo.

An ce kin yafe wa na Birni. Na karɓa, ko da yake ban roƙa ba, kuma ga shi ina roƙo yanzu da ba ya da amfani: ki yafe mini, Inna. Allah ya sa inda kike babu ciwon gwiwa, ya ba ki ƙasa mai sanyi da za ki ɗora goshi ki daɗe yadda kike so. Allah ya haskaka kabarinki da hasken da ba ya ƙuna. Takarda ta ƙare, ga shi ana kiran magariba. Zan yi tawa a ƙasa, tunda har yanzu ina iyawa.

Sai mun iso.

Ni ce ta Birni, mai fitila. Zan rubuta sunan a nan ƙasa, ba sai kin faɗa ba.

Ɗiyarki ta fari,
Rakiya